Hakaru Hashimoto: Likitan ƙauyen da ya gano maƙoƙon da gishiri ba ya magani

A Gure da sauran garuruwan gabashin jihar Damagaram, idan aka ga wuyan mace ya kumbura, akan ce maƙoƙo ne, kuma ma'aikatan lafiya sukan fara danganta shi da ƙarancin sinadarin aidin a abinci. Galibi hakan gaskiya ne, musamman a yankin da aka daɗe ana amfani da gishirin gargajiya na ƙasar Manga da na Bilma, wanda ba a ƙara masa aidin. Sai dai akwai wani nau'in maƙoƙo da ba ruwansa da rashin aidin, wanda garkuwar jikin mutum ce da kanta ke haddasa shi. Wanda ya fara bayyana shi wani matashin likita ne ɗan ƙasar Japan mai suna Hakaru Hashimoto, kuma ya rasu ba tare da ya san cewa duniya za ta riƙa kiran cutar da sunansa ba.

Gidan likitoci

An haifi Hashimoto ranar 5 ga watan Mayun 1881 a wani ƙauye da ke yankin Iga, a lardin Mie na ƙasar Japan. Gidansu gidan likitoci ne tun kaka da kakanni, mahaifinsa ma likita ne da ke duba marasa lafiya a ƙauyen. A shekarar 1903 ya shiga sabuwar makarantar koyon aikin likita ta birnin Fukuoka, wadda daga baya ta zama wani ɓangare na Jami'ar Kyushu, ya kammala a 1907. Daga nan ya kama aiki a sashen tiyata ƙarƙashin Farfesa Hayari Miyake.

A wannan sashe ne aka yi wa wasu mata huɗu, dukkansu sun haura shekara 40, aikin cire maƙoƙo. Abin da ke kumbura a wuyan mai maƙoƙo wata 'yar halitta ce da likitoci ke kira tayirod, mai siffar malam-buɗe-littafi, wadda ke gaban maƙogwaro. Ita ce ke samar da sinadaran da ke daidaita saurin aikin jiki, tun daga bugun zuciya da ɗumin jiki har zuwa narkewar abinci.

Da Hashimoto ya duba naman da aka ciro a ƙarƙashin na'urar ganin ƙananan halittu, sai ya ga abin da bai yi kama da maƙoƙon da aka saba gani ba. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu shi ne yaƙar cuta, sun yi dafifi a cikin tayirod ɗin har sun yi curi-curi, ƙwayoyin halittar tayirod sun lalace, wani ɓangaren naman kuma ya taurare kamar tabo. Ya rubuta abin da ya gani da harshen Jamusanci, wanda shi ne harshen kimiyyar likitanci a wancan zamani, aka buga a 1912 a wata mujallar tiyata ta Jamus. Ya sanya wa cutar suna struma lymphomatosa, wato maƙoƙon da fararen ƙwayoyin jini suka mamaye.

Binciken da aka yi watsi da shi

Rubutun bai samu karɓuwa ba. Masana da dama a Jamus sun ɗauka cewa abin da ya gani matakin farko ne kawai na wata cutar tayirod da Bernhard Riedel ya riga ya bayyana a 1896. A Japan kuwa, kasancewar an buga shi a ƙasar waje da baƙon harshe, likitoci kaɗan ne suka san da shi.

Hashimoto ya tafi Jami'ar Gottingen a Jamus domin ƙaro ilimi, amma ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914 ta tilasta masa barin ƙasar, ya bi ta Landan ya koma gida. A 1916, yana da shekara 35, ya bar harkar bincike gaba ɗaya, ya koma ƙauyensu ya riƙe asibitin gidansu. Tarihi ya nuna cewa yakan bi marasa lafiya har gida a kan keken da mutum ke ja, komai nisa, kuma yakan yafe wa talakawa kuɗin magani. A bakin wannan aiki ne ya kamu da zazzaɓin taifot, ya rasu ranar 9 ga watan Janairun 1934 yana da shekara 52.

Shekara uku kafin rasuwarsa, a 1931, wasu likitoci biyu a birnin Cleveland na Amurka, Allen Graham da E. P. McCullagh, sun nuna cewa cutar da ya bayyana daban take da ta Riedel. A 1939 wani likitan tiyata na Birtaniya, Cecil Joll, ya yi dogon rubutu a kanta yana jingina ta ga sunan Hashimoto. Duk da haka babu wanda ya san dalilin da ya sa fararen ƙwayoyin jini ke afka wa tayirod.

Lokacin da garkuwa ta juya wa jiki baya

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, garkuwar jiki takan ƙera wasu ƙananan makamai da ake kira antibodi, waɗanda ke yawo a cikin jini suna maƙale wa baƙon domin a hallaka shi. A farkon ƙarni na 20, shahararren masanin nan na Jamus, Paul Ehrlich, ya yi gwaji da awaki ya ga ba sa ƙera irin waɗannan makamai a kan jininsu na kansu. Daga nan ne ra'ayi ya kafu a tsakanin likitoci cewa jiki ba ya yaƙar kansa. Ko da Julius Donath da Karl Landsteiner suka gano a birnin Biyana a 1904 wani antibodi da ke fasa jajayen ƙwayoyin jinin mai shi idan ya sha sanyi, an ɗauke shi a matsayin abin da ba kasafai yake faruwa ba.

A shekarar 1956 ne lamarin ya sauya, kuma ta kan tayirod ya sauya. A birnin Buffalo na Amurka, Noel Rose da Ernest Witebsky sun yi wa zomaye allurar wani sinadari da aka ciro daga tayirod, sai garkuwar jikin zomayen ta afka wa tayirod ɗinsu, ya lalace kamar yadda Hashimoto ya siffanta. A Landan kuma, Ivan Roitt da Deborah Doniach da abokan aikinsu a asibitin Middlesex suka samu antibodi mai yaƙar tayirod a jinin masu cutar Hashimoto. A wannan shekarar dai, Duncan Adams da Herbert Purves a ƙasar New Zealand suka gano wani abu a jinin masu cutar Graves da ke zaburar da tayirod ya yi aiki fiye da kima, wanda daga baya aka tabbatar shi ma antibodi ne.

Da wannan ne cutar Hashimoto ta zama misali na farko da aka tabbatar na cutar da garkuwar jiki ke yaƙar wata gaɓa guda. Ƙofa ta buɗe ga fahimtar wasu cututtukan. A 1974 Doniach da Gian Franco Bottazzo sun samu irin waɗannan makamai a jinin masu wani nau'in ciwon suga, inda suke nufar ƙwayoyin da ke samar da insulin. A yau gwajin irin wannan antibodi na taimaka wa likitoci wajen gane cututtuka kamar lupus da ciwon gaɓoɓi na rumatoyid.

Abin da ya shafi mutanen yau

A duniya baki ɗaya, ƙarancin aidin ne kan gaba wajen jawo maƙoƙo, shi ya sa Nijar da Najeriya suka wajabta sanya aidin a gishirin da ake sayarwa tun cikin shekarun 1990. Amma a inda mutane ke samun isasshen aidin, kamar manyan birane da ƙasashen Turai da Amurka inda 'yan ci-rani da yawa ke zaune, cutar Hashimoto ce babban dalilin raunin tayirod. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma takan bi dangi.

Alamominta na zuwa a hankali: kasala da yawan barci, jin sanyi ko da ana zafi, ƙiba ba dalili, bushewar fata, zubewar gashi, taurin bayan gida, mantuwa, da rikicewar al'ada. Wani lokaci wuya yakan kumbura, wani lokaci ba ya kumbura. Saboda haka yana da sauƙi a ɗauke ta a matsayin lalaci, ko a danganta ta da sammu ko iska, mace ta yi shekaru tana yawon neman magani. Ga mai juna biyu haɗarin ya fi girma, domin raunin tayirod da ba a magance ba na iya jawo ɓari ko ya taɓa ci gaban ƙwaƙwalwar jariri.

Ana gane cutar ne ta gwajin jini, inda ake auna sinadarin TSH da kuma antibodi mai suna anti-TPO, wanda ake samu a jinin mafi yawan masu cutar. Irin wannan gwaji ya fi samuwa a manyan asibitoci da ɗakunan gwaji na birane, don haka mutumin Gure yakan buƙaci tafiyar kimanin kilomita 160 zuwa Damagaram, ko ma ya wuce Yamai. Maganin ƙwaya ce guda mai suna levothyroxine da ake sha kowace safiya kafin karin kumallo, galibi har tsawon rayuwa, tana maye gurbin sinadarin da tayirod ya kasa samarwa. Likitoci na gargaɗin cewa ɗirkar aidin ba tare da gwaji ba ba ya warkar da wannan nau'in maƙoƙo, yana ma iya ƙara tsananta shi.

A Jami'ar Kyushu da ke Fukuoka akwai titi mai sunan Hashimoto, kuma Ƙungiyar Masana Tayirod ta Japan ta sanya hotonsa a tambarinta. Rubutunsa na 1912 shi kaɗai ne ya taɓa wallafawa a kan wannan cuta, kuma a kan mata huɗu kacal ya gina shi.