Sarauniya Mangu: Matar da ta tari sojojin Faransa da kwari da baka a Lugu

A ƙasar Arewa, cikin gundumar Dogondutsi ta jihar Dosso, akwai garin Lugu, inda tun kaka da kakanni mace ke riƙe da sarautar addinin gargajiya na Azna. Sarauniya sunan sarautar ne, kuma wadda ta fi shahara cikin matan da suka riƙe ta ita ce Mangu. Ita ke jagorantar tsafi, a garinta kuma dutsen Tunguma yake, wanda ake zuwa wurinsa neman hukunci.

A 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine ta ratso ƙasar tana neman Tafkin Chadi, tana ƙone garuruwa da kashe jama'a. Garuruwa da dama sun watse tun kafin ta iso. Mangu ta tara mayaƙanta ta tsaya.

An gwabza ranar 16 ga Afrilu, 1899. Mutanen Lugu sun shige kurmi suna harbi da kibau masu dafi, waɗanda maƙeran ƙasar suka ƙera. Faransawa sun harba harsashi kusan 7,000, an kashe musu soja 4, an raunata 6. Sun ci garin, amma Sarauniya ba ta faɗa hannunsu ba. Daga nan suka wuce Birnin Ƙonni suka yi kisan kiyashi a watan Mayu. A watan Yuli kuma sojojinsu da kansu suka harbe Voulet da Chanoine.

Labarinta ya zauna a bakin dattawa har 1980, lokacin da marubuci Abdoulaye Mamani ya fitar da littafi a kanta. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya lashe babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. A 2006 Nijar ta saka Lugu cikin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su.

Sai dai shaidun irin wannan yaƙi, wato kan kibiya da na mashi, ƙarfe ne, kuma tsatsa ba ta jira. Ƙarfen da ya daɗe a ƙasa yana shan gishiri. Da an tono shi ya sha iska da laima, sai ya tsattsage ya ruɓe. Shi ya sa masana kan ɗauki hotonsa na X-ray, su jiƙa shi watanni cikin ruwan sinadarin da ke fitar da gishirin, sannan su adana shi a busasshen mazubi.

Duk wanda garmarsa ta tono irin wannan ƙarfe, kada ya kankare shi ko ya shafa masa mai, balle ya sayar wa 'yan gwangwan. Ya lura da inda ya same shi, ya ajiye shi a busasshen wuri, ya sanar da cibiyar bincike ta IRSH ko gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai.