Tarihin Kate Turabian a Taƙaice

An haifi Kate Turabian a birnin Shikago na ƙasar Amurka a 1893. Ba ta taɓa samun digiri ba, amma daga 1930 zuwa 1958 ita ce sakatariya mai duba kundayen babban digiri a Jami'ar Shikago. Ko ɗalibi ya gamsar da shaihunan malamai, kundinsa ba ya wucewa sai ta amince da tsarinsa. A 1937 ta fitar da ɗan littafi mai nuna yadda ake kawo madogara: marubuci, sunan littafi, maɗaba'a, shekara da shafi, domin mai shakka ya bi sawu ya gane wa idonsa. Har yau ana buga shi. Ta rasu a 1987.