Henry Darcy, injiniyan da ya auna tafiyar ruwa a cikin rairayi

Duk mai son sanin ko takin zamanin da manomi ya watsa a gonar jigawa a Wagini zai tsaya wa gero, ko zai zarce ƙasa ya faɗa rijiya, a yau kwamfuta zai tambaya. Haka ma mai son sanin tazarar da ta kamata a bari tsakanin masai da rijiyar sha a Batsari ko Safana. Lissafin da kwamfutar ke yi kuwa ya samo tushe ne daga wani ma'aikacin gwamnatin Faransa da ya rasu tun 1858, mai suna Henry Darcy.

An haife shi ranar 10 ga Yunin 1803 a Dijon, a gabashin Faransa. Mahaifinsa ma'aikacin haraji ne, ya rasu a 1817, Henry bai wuce shekara 14 ba. Mahaifiyarsa ta ci bashi don kada karatunsa da na ƙanensa ya tsaya. A 1821 ya shiga makarantar Polytechnique ta Faris, bayan shekara biyu ya wuce makarantar injiniyoyin gadoji da hanyoyi. Da ya kama aikin gwamnati, ba a jima ba aka tura shi garinsu.

Dijon ta lokacin gari ne mai mummunan ruwa. Rijiyoyin cikin gidaje na kusa da ramukan bahaya, rafin da ya ratsa garin ya zama magudanar ƙazanta, rijiya mai zurfi da aka haƙa a tsakiyar gari kuma ba ta ba da ruwan kirki ba. A 1832 kwalara ta afka wa Faransa. Bayan shekara biyu Darcy ya miƙa wa magajin gari rahoto, inda ya auna kowace hanyar samun ruwa, da yawanta da kuɗinta, ya zaɓi wani marmaro mai suna Rosoir da ke arewa da garin.

An fara aiki a 1839. Aka gina rufaffiyar hanyar ruwa mai tsawon kilomita 12.7, a 1840 ruwan ya iso tafkin ajiya a bakin gari. Babu inji ko ɗaya, gangara ce kaɗai ke tura shi. Daga nan aka shimfiɗa bututu na kimanin kilomita 28, aka kafa famfunan titi fiye da 100, tsakanin wannan da wancan mita 100, ta yadda ba wanda zai yi dogon tattaki da tulu. Darcy ya tsaya kai da fata cewa talaka ba zai biya ko sisi a waɗannan famfuna ba. Shi kansa ya cancanci ladan faran 55,000 bisa ƙa'idar aikinsa, ya ƙi karɓa. Garin ya ba shi lambar zinariya. Mutumin Safana da ya san labarin madatsar Zobe ta Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 ta kuma shafe shekaru sama da 30 ruwanta bai isa famfunan garuruwan da aka yi ta dominsu ba, zai gane nauyin waɗannan ranaku: fara aiki 1839, isowar ruwa 1840.

Wannan bai kare shi daga siyasa ba. Juyin juya halin 1848 ya kifar da Sarki Louis-Philippe, sababbin masu mulki suka ɗauke shi a matsayin mutumin tsohuwar gwamnati, aka ɗage shi daga Dijon zuwa Bourges. Daga baya aka kai shi Faris, aka ɗaga masa matsayi, amma lafiya ta ƙi. A 1855 ya ajiye aiki ya koma gida.

A wannan hutu na rashin lafiya ne ya yi aikin da ya raya sunansa. Abin da ya dame shi shi ne tace ruwa: in gari zai tace ruwan kogi da rairayi, wane faɗi ake bukata? A harabar wani asibiti a Dijon, shi da injiniya Charles Ritter suka kafa wani bututu a tsaye mai faɗin santimita 35, suka cika shi da rairayin kogin Saône, suka haɗa shi da famfon asibitin. Sukan ƙara ƙarfin ruwan ko su rage, su sauya kaurin rairayin, su auna abin da ya fito a ƙasa. Duk sanda wani ya buɗe famfo a cikin asibitin sai ma'aunin ya girgiza.

Abin da suka gano mai sauƙin faɗa ne. In aka ninka ƙarfin da ke tura ruwan, abin da ke wucewa zai ninka. In aka ninka kaurin rairayin, zai ragu da rabi. Sai kuma wani adadi guda da kowace irin ƙasa ke da nata, wanda ke nuna yadda take barin ruwa ya ratsa ta. Na tsakuwa babba ne, na laka ƙarami ƙwarai. Darcy ya sa wannan a wani rataye can ƙarshen littafinsa na 1856 kan famfunan Dijon, mai shafi sama da 600. Ratayen ne ake kira dokar Darcy a yau.

Sai dai rairayinsa a jiƙe yake sharkaf, ƙasar yammacin Katsina kuwa wata bakwai ko takwas take yi ba ta ga ɗigon ruwan sama ba. Busasshiyar ƙasa tsotsar ruwa take yi ta riƙe, kuma gwargwadon bushewarta gwargwadon wuyar ratsa ta. Edgar Buckingham na ma'aikatar gona ta Amurka ya faɗaɗa dokar ta shafi irin wannan ƙasa a 1907, Lorenzo Richards kuma ya mayar da ita cikakken lissafi a 1931. A kan wannan lissafi aka gina manhajoji irin su HYDRUS, waɗanda ke bin sawun ruwa da abin da ya narke a cikinsa taki-taki zuwa ƙasa.

A nan ne labarin ya shafi Wagini kai tsaye. Ruwan Agusta kan sauko da ƙarfi a kan jigawa, ya wanke takin yuriya ya yi ƙasa da shi inda saiwar gero ba ta kaiwa. Manomi ya yi asarar kuɗinsa, ruwan rijiya ya gaji sauran. A fadama da rani tafiyar juyawa take yi: rana na jan ruwa sama, ya tafi ya bar gishiri fari-fat a fuskar ƙasa. Ƙarƙashin yankin kuma tsohon dutse ne, ruwa na zaune ne a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsagoginsa, shi ya sa rijiyar burtsatse kan yi ruwa a nan, ta ƙafe a taku ɗari gaba. Yanzu da hare-haren 'yan bindigar dajin Rugu suka cunkusa mutanen ƙauyuka a manyan garuruwa, masai da rijiya sai ƙara matsowa kusa da juna suke yi, kamar Dijon kafin 1840. Manhaja za ta iya faɗin kwana nawa ƙazanta za ta yi kafin ta isa ruwan sha, amma sai wani ya je ya ɗebo ƙasar wurin ya auna adadin nan nata. Wannan awo shi ne abin da aka fi tsallakewa idan ana gaggawar yanke kirtanin rijiyar mazaɓa kafin zaɓe.

Darcy bai ga ko ɗaya cikin wannan ba. Ciwon huhu ya kama shi a Faris, ya rasu a farkon Janairun 1858 yana da shekara 54, bai bar ɗa ko 'ya ba. Aka mayar da gawarsa Dijon, aka sa wa dandalin da ruwan Rosoir ya fara isowa sunansa. Tafkin ajiyar da ya gina yana nan har yau, ƙarƙashin wani lambun shan iska a tsakiyar garin.