Clarence Little: Masanin da ya buɗe wa ɗalibai ƙofar bincike, daga baya ya kare kamfanonin sigari

A duk hutun bazara, ɗaliban jami'a da na sakandare kan hallara a garin Bar Harbor da ke jihar Maine ta Amurka. Kowannensu ana haɗa shi da ƙwararren masani, a ba shi tambayar da ba a kai ga amsarta ba, ya shafe kimanin wata biyu yana bincike, sannan ya gabatar da sakamakonsa a gaban manya.

Shirin ya cika shekara 100 a 2024. Sai dai wanda ya assasa shi, Clarence Cook Little, jami'o'i biyu da ya shugabanta sun cire sunansa daga gine-ginensu.

Ɗalibin da ya fara da ɓeraye

An haifi Little a 1888 a garin Brookline na jihar Massachusetts. Ya yi karatu a Jami'ar Harvard, inda masanin ilimin gadon halitta William Castle ya jawo shi cikin bincike tun bai kammala digirin farko ba.

A 1909 ya fara haɗa ɓeraye 'yan uwa ɗaya suna hayayyafa, zuriya bayan zuriya, har ƙwayoyin halittarsu suka zama kusan iri ɗaya. Amfanin hakan shi ne, idan aka gwada magani a kan wani rukuni aka bar wani, bambancin da aka gani daga maganin yake, ba daga gado ba.

Nau'in C57BL da ya samar a 1921 shi ne tushen ɓeran da aka fi amfani da shi a ɗakunan gwaji na duniya a yau.

Yadda shirin ya faro

Little ya zama shugaban Jami'ar Maine a 1922, yana da shekara 33. A bazarar 1924 ya kwashi wasu ɗalibai zuwa Bar Harbor domin su yi nazarin halittu da hannunsu, maimakon sauraren lacca kawai. Abin da Castle ya yi masa ke nan ya yi wa na baya.

Daga 1925 zuwa 1929 ya shugabanci Jami'ar Michigan. Bayan ya ajiye aiki, ya koma Bar Harbor ya kafa cibiyar Jackson Laboratory, wadda aka raɗa wa sunan Roscoe Jackson, shugaban kamfanin motoci na Hudson da ya tallafa masa.

Cibiyar ta sha wuya. Tattalin arzikin Amurka ya karye a shekarar da aka buɗe ta, abin da ya sa daga baya ta koma sayar wa masu bincike ɓeraye domin ta riƙe kanta. A 1947 gobarar daji ta cinye ginin da mafi yawan ɓerayen. Masanan da suka taɓa karɓar iri daga wurin ne suka maido da shi, aka sake farawa.

Uku daga cikin ɗaliban shirin sun ci lambar yabo ta Nobel. Howard Temin da David Baltimore sun haɗu a can a shekarun 1950, kuma sun ci lambar a 1975 tare da Renato Dulbecco. Sinadarin da Temin da Baltimore suka gano a jikin wasu ƙwayoyin cuta ya taimaka daga baya wajen fahimtar HIV. Na ukun, Jack Szostak, ya ci tasa a 2009.

Tabon da ya bari

Little na cikin jagororin aƙidar nan ta tace zuriya, wadda ke ganin ya kamata a hana wasu mutane haihuwa saboda ana ɗaukarsu marasa nagarta. A ƙarƙashinta an yi wa dubban Amurkawa tiyatar hana haihuwa bisa dole.

A 1954, duk da shekarun da ya yi yana jagorantar ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka, ya karɓi muƙamin daraktan kimiyya na kwamitin bincike da kamfanonin sigari suka kafa. Ya riƙa dagewa cewa ba a tabbatar sigari na haddasa ciwon dajin huhu ba. Bai sauya ba ko bayan rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 1964, wanda ya tabbatar da alaƙar. Kamfanonin kuwa sun yi ta fakewa da sunansa suna jefa shakku a zukatan mashaya.

Ya rasu a watan Disamban 1971 yana da shekara 83.

Jami'ar Michigan ta cire sunansa daga wani gininta a 2018, Jami'ar Maine ta yanke irin wannan shawara a 2020. Shirin bazarar kuwa yana nan, kuma duk shekara sababbin ɗalibai na neman gurbi a cikinsa.