Abul Ƙasim Az-Zahrawi, Likitan da Ba Ya Gaggawar Cire Haƙori

Jama'a, a wannan fitowa za mu waiwayi wani bawan Allah da ya rasu fiye da shekara 1,000, amma har gobe ana cin moriyar aikinsa. Duk wanda ya taɓa kai ɗan'uwansa asibiti da karyayyen muƙamuƙi bayan hatsari a hanyar Wukari ko ta Numan, ya ga an ɗaure masa haƙora da waya an ce sai kunu da koko na 'yan makonni, to ya ga dabarar da mutumin nan ya rubuta tun zamanin da ba allurar kashe zafi.

Sunansa Abul Ƙasim Khalaf ɗan Abbas. An haife shi wajen shekarar 936 Miladiyya a ƙasar Andalus, wato kudancin Sifen ta yau, lokacin tana hannun Musulmi. Ana ce masa Az-Zahrawi saboda Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina a yamma da Ƙurɗuba. A nan ya yi aikinsa, ya zama likita a fadar Halifa Alhakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga 961 zuwa 976.

Wajen shekara ta 1000, bayan ya kusa shekara 50 yana duba marasa lafiya, ya kammala littafinsa At-Tasrif, kashi 30. Kashin ƙarshe shi ne na fiɗa, kuma shi ya fitar da sunansa duniya. A ciki ya yi bayanin lalas, da yanka da tsaga, da ɗori, ya kuma zana kayan aiki kusan 200 don almajiri ya ga siffarsu ya kai wa maƙeri. Tun a farkon kashin ya ja kunnen almajiransa, waɗanda yake kira 'ya'yansa, cewa kada wanda bai san inda jijiya da ƙashi suka bi ba ya ɗauki aska. Ya ba da labarin wani jahilin likita da ya tsaga kumburi a wuyan wata mata, ya yanke jijiya, jini ya zuba har ta cika a hannunsa.

Inda ya fi burge ni shi ne maganar baki. A wurinsa haƙori abu ne mai daraja, in ya fita ba ya da madadi, don haka ba a cire shi sai an gwada kowane magani ya ƙi. Ya lura cewa ciwo yakan yaudari mai shi, ya nuna lafiyayyen haƙori ya ce shi ne, a cire, ciwo kuma yana nan daram. Ya ce ya sha ganin haka a hannun masu ƙaho na zamaninsa, masu fizgar haƙori da ƙarfi, su karya shi su bar saiwa a ciki, wani lokaci ma su haɗo da ƙashin muƙamuƙi. Mu da muke yini a kasuwa, ai mun san irinsu: tabarma, kwalba cike da haƙoran mutane, da awartaki guda na kowa da kowa.

Shi kuwa ga yadda ya koyar. A fara raba dasashi da haƙorin ta kowane gefe, a riƙa girgiza shi a hankali har ya saki, sannan a riƙe kan majiyyaci da kyau a ja shi a miƙe. In haƙorin rami gare shi, a cusa ƙyalle a ramin tukuna don kada ya farfashe. In an gama a kurkure baki da ruwan khal da gishiri. Saiwar da ta karye ma da nata ƙarfen na tono ta.

Bai tsaya ga cirewa ba. Ya zana ƙarafa iri-iri na kankare dattin nan da ke daskarewa a gindin haƙori yana cin dasashi, ya ce in bai fita rana ɗaya ba a koma gobe da jibi. Haƙoran gaba da suka yi girgiɗi saboda duka ko faɗuwa, sai a saƙa su da siririyar waya a jikin masu ƙarfi, kuma ya zaɓi zinariya a kan azurfa, don azurfa tana sauya launi ta lalace a baki. Wanda ya yi giɓi, a sassaƙa masa haƙori daga ƙashin sa a ɗaure. Muƙamuƙi in ya karye, a sa yatsa ciki, hannu ɗaya a waje, a daidaita, a ɗaure haƙora, mutum ya zauna kan abinci mai ruwa-ruwa.

Har beli ya yi magana a kai, kuma nan ya kamata iyaye su saurara, tunda mun zo da wanzamanmu har nan Jalingo. Bai yarda a taɓa kowane beli ba. In ya yi ja ko baƙi ya kumbura, ya hana yanka, saboda jini. Wanda ya cancanta ma, ya ce kada a wuce ƙima, don yana ɓata murya. Wannan fa ga mai ciwo ke nan, ba jaririn da lafiyarsa ƙalau ranar suna ba. Likitocin yau sun ma fi shi tsanani a kan wannan.

A ƙarni na 12 wani malami, Jerad mutumin Kiremona, ya fassara kashin fiɗa zuwa Latin a birnin Toledo. Turawa suka kira shi Albucasis, suka yi ɗaruruwan shekaru suna karantar da shi a makarantun likitanci. Babban likitan fiɗa na Faransa, Guy de Chauliac, ya ambace shi wajen sau 200 a littafin da ya gama a 1363.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo cikin fitina. Yaƙin basasa ya ɓarke a Andalus, aka washe Madinatuz Zahra wajen 1010, aka bar ta kango. Shi kuma ya rasu wajen 1013, daidai da 404 Hijira, yana da shekara kusan 77. Allah ya jiƙansa da rahama. Kangon birnin yana nan ana zuwa kallo, a cikin Ƙurɗuba kuma akwai wani titi da aka sa wa sunansa.