Ibn Baɗuɗa: Alƙalin Da Ya Yi Kusan Shekara 30 A Kan Hanya

A wannan mako filinmu zai waiwayi rayuwar Abu Abdullahi Muhammadu, wanda aka fi sani da Ibn Baɗuɗa. An haife shi a Ɗanja, a bakin teku, arewacin Maroko, cikin shekarar 1304, watau 703 bayan Hijira, a gidan alƙalai mabiya mazhabar Imamu Maliki.

Yana ɗan shekara 21 ya bar iyayensa a 1325 da niyyar aikin Hajji, shi kaɗai, ba ayari, ba wata dukiya. Zazzaɓi ya kama shi a hanya, har ya ɗaure kansa da rawaninsa a kan sirdi don kada ya faɗi. Da suka isa Tunis kowa ya sami mai taryensa ban da shi, sai ya fashe da kuka. Amma kafin ayarin alhazai ya tashi daga garin, shi aka naɗa alƙalinsu. A nan ne mai karatu zai gane guzurin wannan bawan Allah: ilmin fiƙihu, da harshen Larabci, da kuma haƙƙin da Alƙur'ani ya ba matafiyi, wanda ya sa shi cikin kashi takwas na masu cin zakka. A zamanin nan akwai zawiyoyi da makarantu da gidajen wakafi tun daga Magrib har Hindu, inda baƙo zai ci, ya kwana, ba ko anini.

Ya ratsa Iskandariyya da Alƙahira da Dimashƙa, ya sauke farali a 1326. Maimakon ya juya gida sai ya nufi Iraƙi da Farisa, ya ga Bagadaza tana fama da kufai, shekara 69 bayan ɓarnar Mongol. Ya komo Makka ya zauna karatu, sannan ya shiga jirgin ruwa a Jidda.

Labarinsa na garuruwan bakin teku shi ne ya fi daɗin karatu, domin ba ya ɓoye abin da ya gani. Zaila, a gaɓar Somaliya, warin kifi da jinin raƙuma ya hana shi kwana a cikinta, ya gwammace ya kwana a jirgi duk da igiyar ruwa. A Mogadishu kuwa al'adar garin ita ce kowane falke da ya sauka sai wani attajiri ya ɗauke shi baƙonsa, ya sayar masa, ya saya masa. Da aka ji shi malami ne ba falke ba, sai aka miƙa shi ga alƙalin gari. Ya kwana ɗaya a Mombasa, ya isa Kilwa wajen 1331, garin da ya yi arziki da zinariyar Sofala, ya yabi kyawunsa da kyautar sarkinsa Hasan ɗan Sulaimanu.

Daga baya ya bi ta ƙasar Turkiyya da Ƙusɗanɗiniyya da Bukhara har Delhi, inda Sarki Muhammadu ɗan Tughluƙ ya naɗa shi alƙali. Sarkin nan hannunsa a sake yake wajen kyauta, haka nan wajen zubar da jini, har Ibn Baɗuɗa ya taɓa shiga zargi ya kwana kwanaki yana azumi da addu'a. A 1341 sarkin ya aike shi Sin da kyaututtuka, guguwa ta farfasa jiragen a gaɓar Kalikut yana tsaye yana kallo. Tsoron komawa Delhi ya sa ya wuce tsibiran Maldibs, can ma aka ba shi alƙalanci. Ya tsananta kan sallar Jumma'a, amma ya kasa sa matan tsibirin su rufe jikinsu.

Ya taras da annoba a Dimashƙa a 1348. Ya isa gida a 1349, ya iske mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa kuma ba ta jima da cikawa ba.

Tafiyarsa ta ƙarshe ita ta kawo shi kusa da mu. A 1352 ya ƙetare Sahara zuwa Mali, zamanin Mansa Sulaimanu. Ya yabi mutanen ƙasar da adalci da amincin hanya da kula da salla da tilasta wa yara haddar Alƙur'ani. Sarkin kuwa ya kira shi marowaci, don gurasa uku da nama da nono ya aika masa. Wannan aibi ne da ba za mu rufe ba: malamin yakan auna sarakuna da girman kyautarsu gare shi. Ya bi ta Tambutu da Gao zuwa Takadda, a yankin Agadas, a 1353, ya ambaci jan ƙarfen da ake kaiwa Barno da Kubar, wadda masana da yawa suka ce Gobir ce.

Sarkin Fas, Abu Inan, ya sa Ibn Juzayy ya rubuta labarinsa, aka kammala a 1355, littafin da aka sani da Rihla. Tun yana raye wasu suka ƙaryata shi, kamar yadda Ibn Khaldun ya ambata, masu bincike kuma sun gano an kwafo wasu sassa daga Ibn Jubair. Ya ƙare rayuwarsa yana alƙalanci a Maroko, ya rasu wajen 1369. Allah Ya jiƙansa.