MALAM BELLO KAGARA, MALAMIN MALAMAI

Kowa a ƙasar Arewa ya san sunan Sardaunan Sakkwato, ya kuma san sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma in ka tambayi mutum goma wa ya koya wa waɗannan manya karatu, da wuya ka sami guda wanda zai faɗa maka. A wannan wata za mu ba ku labarin ɗaya daga cikin malamansu, wato Malam Muhammadu Bello Kagara. Shi Musulmi ne, malamin Larabci. Duk da haka akwai abin koyi cikin zamansa ga kowane mai riƙe da alli, da kowane uba mai ɗa a makaranta.

An haifi Bello a shekarar 1890. Ubansa Malam Shehu Usman shi ne alƙalin Kagara, wani ƙaramin gari cikin ƙasar da take Jihar Neja yanzu. A gida ya fara karatun allo, kamar yadda 'ya'yan malamai su kan yi. A lokacin nan Kagara tana ƙarƙashin Kwantagora, Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse kuwa shi ne mai ƙasa. Cikin 1901 sojan Turawa suka ci Kwantagora, Sarki ya fita da jama'arsa, iyayen Bello suna cikin masu gudun. Yaron bai fi shekara 11 ba sa'ad da ya ga gari ya watse, ya ga manya suna tafiya da kaya a ka, ba su san inda za su kwana ba.

Wanda ya ga irin wannan da idonsa, ba abin mamaki ba ne in ya ƙi Turawa da dukan abin da suka kawo har ya mutu. Mutane da yawa haka suka yi. Suka ce karatun boko tarko ne, wanda ya sa ɗansa a ciki ya yi hasararsa. Har wasu sarakuna, in aka ce su kawo 'ya'yansu makaranta, sai su aika da 'ya'yan barorinsu.

Cikin 1909 wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda Hausawa suka sa wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa, bayan birnin Kano. Gidansa yana nan har yau, ana ce da shi Gidan Ɗan Hausa. A wannan makaranta Bello ya koyi karatu da rubutu na boko da lissafi. Ya shiga da Larabcinsa, ya fito da shi, ya ƙara da sabon sani a bisansa. Da ya gama sai aka tura shi Zariya, ya zama malami a makarantar lardi.

Cikin 1921 aka kafa Kwalejin Katsina domin horon malamai, Gwamna Clifford kuma ya zo ya buɗe ta cikin watan Maris 1922. Ɗakunanta na ƙasa ne, ginin Hausa. Daga lardunan Arewa a kan zaɓo yara masu ƙwazo, su yi shekara 5 suna koyon Turanci, da lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa, da dabarun koyarwa. Yawancin malaman Turawa ne daga Ingila. Aka ɗauko Malam Bello daga Zariya domin ya koyar da Larabci da addini.

Aikin da ya tarar ya fi ƙarfin abin da aka rubuta a takarda. Ga yara an raba su da iyayensu, wani daga Barno, wani daga Bida, wani daga Yola, tafiyar kwanaki da yawa. Ga malamai baƙi, harshensu dabam, al'adarsu dabam. A gida kuma iyaye suna zullumi, ko ɗansu zai komo musu da halin da ba su sani ba. Malam Bello ne ya tsaya a tsakani. Yaro ya dube shi ya ga mutum mai rawani irin na ubansa, wanda ya san littattafan da malaman zaure suka sani, ga shi kuma yana karanta boko ba tare da ya rage kome daga mutuncinsa ba. Gani ya kori ji. Abin da dogon jawabi ba zai iya tabbatar wa uba ba, zaman mutum ɗaya ya tabbatar.

Sai mu duba waɗanda suka bi ta wannan kwaleji a zamaninsa. Akwai Kashim Ibrahim na Barno, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa cikin 1962. Akwai Ahmadu Bello, wanda ya shiga cikin 1926 ya fita cikin 1931, ya zama Firimiyan Arewa cikin 1954. Akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga cikin 1928 ya fita cikin 1933, ya zama Firayim Ministan Nijeriya cikin 1957. Akwai Aliyu Makaman Bida, da Isa Kaita, da Sa'adu Zungur. Akwai kuma ƙanen Malam Bello kansa, Abubakar Imam, wanda ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo sa'ad da aka fara buga ta cikin 1939.

Kada mu manta, waɗannan mutane da koyarwa suka fara. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar ya koyar a Midil ta Bauci, Imam ya koyar a Midil ta Katsina. Yaran da suka koyar a makarantun Midil, daga cikinsu aka sami malaman elementare, waɗanda aka rarraba zuwa garuruwan hakimai. Ta wannan hanya karatu ya kai wurare irin su Birnin Kudu da Gwaram, waɗanda a zamanin nan suna ƙarƙashin Kano, tun ba a yi Jihar Jigawa ba cikin 1991. Malamin da ke tsaye gaban aji a Gwaram yau, in ya bi salsalar malamansa ɗaya bayan ɗaya, mai yiwuwa ne ta kai shi ɗakunan ƙasan nan na Katsina.

Akwai wani abu kuma da Malam Bello ya lura da shi. Yaro ya koyi karatu, amma in ba shi da abin karantawa, sai karatun ya zube. A lokacin nan littattafan Hausa na boko kaɗan ne ƙwarai. Cikin 1933 Dokta Rupert East na ofishin fassara a Zariya ya sa gasa, ya roƙi malamai su rubuta labaru da Hausa. Littattafai 5 suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East, da Ganɗoki na Malam Bello. Ga malami ya shiga gasa ɗaya da ƙanensa da ɗalibinsa, bai ga wannan ya rage masa girma ba.

Ganɗoki labarin wani jarumi ne na Kwantagora, wanda ya yi yaƙi da Turawa, ya bar ƙasa, ya yi yawo har ƙasashen aljannu, daga baya ya komo ya tarar zamani ya sake. Wanda ya san ƙuruciyar marubucin zai gane inda labarin ya samo tushe. Abin da ya gani yana yaro bai ɓoye shi ba, bai kuwa bar shi ya zame masa ɗaci a zuciya ba. Ya mai da shi littafi, yara suka yi ta karanta shi a makarantu shekara da shekaru. Daga baya ya rubuta tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944.

Bayan ya daɗe yana koyarwa, sai ya bi sawun ubansa, ya zama alƙali a Katsina, daga bisani aka naɗa shi Walin Katsina. Allah ya ja kwanansa har ya ga ɗalibansa sun karɓi mulkin ƙasa cikin 1960. Ya kuma ji labarin baƙin ciki na watan Janairu 1966, sa'ad da aka kashe Sardauna da Abubakar. Tsoho ya rayu ya ga ƙarshen yaran da ya sani suna zaune a gabansa da littafi. Shi kuwa ya rasu cikin 1971, yana da shekara 81.

Kwalejin ta tashi daga Katsina zuwa Kaduna cikin 1938, daga can ta koma Zariya cikin 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Tsohon gininta na Katsina ya zama gidan adana kayan tarihi.

To, 'yan'uwa, me za mu ɗauka daga wannan? Akwai malamai cikin masu karanta wannan shafi waɗanda suka yi shekara 10 ko 20 a ƙaramin gari, albashi kaɗan, aji cike, ba mai zuwa ya ce sannu da aiki. Wani ya kan ga abokan karatunsa sun sami manyan ofisoshi, ya ce a ransa ya yi hasarar kwanakinsa. Ku tuna, sa'ad da Abubakar ya zo Katsina daga Bauci, ɗan talaka ne, ba wanda ya san abin da zai zama. Malaminsa ya koya masa kamar yadda ya koya wa jikan sarki da ke tare da shi. Manomi ba ya sanin ƙwayar da za ta fi ba da zangarniya, saboda haka ya kan rufe kowane rami da kyau.

Ku kuma iyaye, ku girmama malamin garinku. Ku aika da 'ya'yanku makaranta a kan lokaci, maza da mata, kada ku janye su saboda talla ko kiwo. In kun gamu da malamin a kasuwa ko a hanyar gona, ku tsaya ku gaishe shi, ku tambaye shi yadda yaron yake yi.